Gwiwar Duz da Hannuna na Dama

Shekarar babban sanyi ce, wadda ta biyo bayan farin da ya cinye shanun mutane a gida. Duk wanda yake Faransa a farkon 1985 ya san sanyin da nake nufi. A unguwarmu ta Rillieux, gefen Lyon, ruwa ya daskare cikin famfo, motoci suka ƙi tashi. A masana'antar da nake aiki a Saint-Fons sai mutum ya cusa hannu a hamata kafin yatsu su yarda su kama ƙarfe. A cikin wannan sanyi ne ni da ɗana muka shiga motar asibiti ɗaya, rana ɗaya. Yanzu da hannuna ya koma riƙe alƙalami, malaminmu na yaƙi da jahilci ya ce in rubuta yadda jinyar ta kasance, ko wani uba zai amfana.

Ɗan farina ne, don haka kun san ba zan rubuta sunansa ba. Tun da aka haife shi a Damagaram ban taɓa kiran sunan nan ba, uwarsa Rabi ma haka. "Kai" muke cewa, ko "yaron nan". Da ya gama makaranta sai yayana Alhaji Sule ya ɗauke shi zuwa Bobigny, gefen Paris, yana taya shi kasuwancin atamfa. Can ya shiga ƙwallon Amurka, wadda a lokacin sabuwa ce a ƙasar nan. Ƙwallon mai tsini biyu ce kamar ƙwallon goruba da aka ja, kuma ƴan wasan suna sa hular kwano da kafaɗun roba. Yaron nan shi ne mai jifa, wanda suke kira kwatabak. Kowane hari daga hannunsa yake farawa. Lambar rigarsa goma sha biyu ce, sai abokansa suka laƙaba masa Duz, wato sha biyu da Faransanci. Wannan laƙabi ya yi mini rana, domin na samu abin kiransa ba tare da na karya al'ada ba.

Ƙungiyarsu ta zo Lyon wasan sada zumunci. Alhaji ne ya kwaso musu kaya a motarsa ta ɗaukar atamfa, ya biyo ta gida ya ce lallai in zo in ga ɗana. Na sa babbar riga bisa rigunan sanyi, na kafa hulata ta zanna, na sa takalmin Sallah mai santsin ƙasa.

Filin ba na ciyawa ba ne. Jar ƙasa ce mai tsakuwa da aka daddaɓe, sanyi kuma ya mai da ita kamar daɓen siminti. Alhaji ya buga dunduniyarsa a kai, ya dube ni.

"Isa, wannan ai wurin shanyar barkono ne. A nan za su kayar da juna?"

Amma yara sun yi doguwar tafiya, ba wanda ya so a koma ba a buga ba.

Ban fahimci wasan ba. Na ga dai ana sunkuyawa, ana karo, ana busa usur, a sake sunkuyawa. Abin da na fahimta shi ne duk lokacin da Duz ya ja da baya ya saki ƙwallon nan, tana tafiya tana juyi kamar mazari, ta faɗa hannun wanda ya nufa. Na yi ta kallon wani wuri don kada a ga fuskata. Bayan hutun rabin lokaci suna gaba. Sai wani ƙato ya taho wa Duz ta hagu. Ya kafa ƙafa zai kauce, ƙusoshin takalminsa suka maƙale a wani rami da ya daskare, jiki ya juya, ƙafa ba ta juya ba. Daga inda nake na ji ƙararsa.

Abin da ya biyo baya Alhaji ya fi ni iya ba da labarinsa, kuma har yau bai gaji ba. Wai na ƙwala kiran sunan yaron, sunansa na yanka, har sau biyu, gaban jama'a. Na tsallake igiya na ruga cikin fili da babbar riga. Ban kai gare shi ba takalmin Sallah ya kwashe ni. Na tare da hannun dama, na ji ƙas. Ƴan kwana-kwana, waɗanda a nan su ne masu motar asibiti, da suka zo ɗaukar mutum ɗaya suka tarar da biyu. Wasan kuwa aka cinye su, domin wanda ya karɓi jifa bai sake haɗa ƙwallo da hannun kowa ba.

A asibiti mun daɗe a layi, don ranar duk garin ya zame a ƙanƙara. Tsofaffi da ƴan makaranta, kowa rungume da hannu ko ƙafa. Nawa mai sauƙi ne: wuyan hannu ya karye, aka ja shi aka naɗe da farin simintin nan da suke kira filatir. Na Duz ne ya sa likita ya daɗe yana kallon hoto. Ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta tsinke. "Ligama" ya kira ta, kalmar ta zauna mini a kai har yau. Aka yi masa aiki cikin satin. Ma'aikatan sun kula da shi, Allah ya saka musu. Wata tsohuwar nas har ta riƙa ajiye mini kujera. Abincinsu ne dai ba gishiri ba yaji, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya gaya mana cewa wahalar tana gaba, bayan an cire filatir. Da an faɗa da mun shirya.

Aka sallamo shi da ƙafa a miƙe, a naɗe daga cinya har idon sawu. Muna hawa na huɗu, asansar kuma, na'urar hawa bene, sanyi ya kashe ta. Maƙwabta ne suka ɗauke shi bisa kujera, suna hutawa a kowane bene.

Satin farko a gida abin dariya ne, ko da yake lokacin ba mu yi dariyar ba. Shi ba ƙafa, ni ba hannu. Rabi tana fita aikin shara da safe, sai mu biyu. Ni ke kawo masa ruwa da buta da sanduna. Shi ke zuba mini ruwan alwala, ya ɓalle mini maɓalli. Ranar farko na tsaya a ƙofar falo riƙe da wando da hannun hagu, na rasa yadda zan faɗa. Ya dube ni, ya dubi mazagin da ke lilo.

"Baba, matso."

Na matsa ina kallon rufin ɗaki. Ya ɗaure.

"Ya yi, ko in ƙara ja?"

"Ya yi."

Maganar da muka yi ke nan, amma ta fi wadda muka yi a shekarar da ta wuce yawa.

Sati na biyu ƴan dubiya suka buɗe. Kowa da maganinsa. Wani ya ce man kaɗanya, wata ta ce man shanu da albasa, wani ya kawo rubutu a kwalbar lemo. Wani dattijo ɗan Tawa ya ce ya san maɗori a Marseille, a fasa filatir a kai masa. Muka yi godiya, muka sha rubutu, muka bar filatir inda yake. Magani da aiki inshora ta ɗauka. Shayi da sukari da naman baƙi su ne suka ci aljihu, ban kuma yi baƙin cikinsu ba.

Duk wanda ya shigo, bayan an gaisa an yi ya jiki, sai ya juyo gare ni yana murmushi.

"Malam Isa, wai da gaske ne ka kira sunan?"

"Sanyi ne ya taɓa ni."

"Har sau biyu?"

Rabi ma da ya kamata ta rufa mini asiri, sai ta ce daga kicin, "Ni dai ban je ba, bakina tsaf yake."

Alhaji yana kawo kaya Lyon lokaci-lokaci, kuma duk zuwa sai ya ɗauko Momo. Momo ɗan Aljeriya ne haifaffen Bobigny, shi ke tsayawa gaban Duz a fili yana tare masa maƙiya. Faɗinsa ya kusa cika ƙofarmu. Da sun zauna sai gardama ta tashi, kuma kullum kashi biyu ce. Kashi na farko fili. Momo ya ce laifin jar ƙasa ne, a ciyawa ƙafa takan zame ta tsira. Alhaji ya ce laifin takalmi ne, wa ya ce a sa mai dogayen ƙusoshi a ƙasa mai tauri? Wani maƙwabcinmu ya ce ya ga a talabijin a Amurka kafet suke shimfiɗawa. Momo ya ce an ce wannan ya fi cin gwiwa, ga ƙuna idan ka faɗi. Kashi na biyu shi ne wa zai karɓi jifa kafin a fara gasa.

Mutum biyu ake magana, Tiyeri da Karim. Alhaji ya kwashe sukarin shayi ya jera a faranti don in gane. Waɗannan masu tarewa ne, wannan na baya shi ne mai jifa.

"Tiyeri yana da hannu," in ji Momo. "Daga nan zai iya fasa tagar wancan bene."

"Yana da hannu, ba shi da zuciya," in ji Alhaji. "Da ya ga ƙato ya taho sai ya rufe ido ya jefa wa Allah."

"To Karim fa, Baffa? Karim jifa yake kamar mai korar akuya daga rumbu."

"Amma yana gudu!"

"Gudun me? Baya yake yi!"

Sai Alhaji ya ɗauki sukarin da ke matsayin Tiyeri ya jefa cikin kofinsa ya juya da cokali. Kowa ya yi dariya, ban da Duz. Shi fuskarsa na bango, kamar ba da ƙungiyarsa ake ba.

Da aka cire mini filatir hannuna ya fito fari, siriri, ba ya lanƙwasa. Nasa da aka cire ya fi ba ni tsoro. Cinyar ta tsotse kamar taɓarya, gwiwar kuma ta ƙi motsi. Aka tura mu wurin mai gashin ƙashi, wata mace da ake kira Madam Odil, gajeriya mai ƙarfin hannu. Ita ce ta gaya mana gaskiya ba kwana-kwana. Ta ce gwiwa tana da lokacinta. Idan ba ta lanƙwashe cikin watannin nan ba, za ta zauna a haka, yaron ya yi ta jan ƙafa har tsufa. Abin da take yi a wurinta bai isa ba. Dole a gida wani ya kwantar da shi rub da ciki, safe da yamma, ya kama dunduniyar ya tura ta wajen mazauni har ya yi ƙara, sannan ya ƙara kaɗan.

Nan fa aka tsaya. Rabi ta ce ita ko kusa. Maƙwabcinmu ya gwada, da yaron ya ce wash sai ya saki yana ba da haƙuri. Masu dubiya kuwa cewa suke a bar shi ya huta, majinyaci ba a takura masa. Haka muka saba, mai ciwo a kwance yake, a kawo masa kome. Sati biyu suka wuce, ƙafa ba ta gusa ba.

Madam Odil ta auna da ƙarfenta mai kamar almakashi, ta cire tabarau ta dube ni.

"Wa yake tura masa a gida?"

Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a wurinmu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, balle ya riƙa kama jikinsa. Faransancina bai kai ba, Duz ya ƙarasa mata yana kallon ƙasa. Ta saurara har ƙarshe.

"Na ji. Amma an ce mini kai ne ka ruga cikin fili."

Ashe labarin har wurinta ya kai.

Da yamma na shimfiɗa bargo a falo na ce, "Duz, kwanta." Na kama ƙafar da hannun hagu, na tokare da kafaɗa, na tura. Ya ciji matashi. Na ƙara. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na san kuka yake, shi ma ya san na sani. Rabi ta kunna rediyo ta ƙure murya. Mun yi haka kwanaki, sai wata safiya ya ƙi kwanciya.

"Baba, bari. Ƙafar ta tafi. Ko ta lanƙwashe ba zan koma fili ba, to wahalar ta mece ce?"

 Ni mutum ne mai jira. Na naɗe bargon na ajiye inda zai riƙa ganinsa.

Alhaji ne ya kawo dabara, ko da yake ya ce ba dabara ba ce, kujera ce ta ragu a mota. Ya kwashe mu zuwa Paris kallon wasansu na farko a gasa. Duz ya zauna a baya bisa dilar atamfa, ƙafa a miƙe. Muka kwana Bobigny, matar Alhaji ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Wannan karon filin ciyawa ne, kore shar. Kafin a fara na shiga na taka shi da kaina, da takalmin aiki mai ƙasan roba. Ƴan wasan suka gan ni suka hau tafi, suna kiran "Papa Isa! A hankali!"

Tiyeri aka ba jifa. Yadda Alhaji ya faɗa haka ne: ƙato ya taho, ya rufe ido, ƙwallo ta tafi hannun abokan gaba. Aka sa Karim, ya yi ta gudu baya har aka danne shi. Da farko Duz yana zaune a benci. Can sai na ga ya dogara sanduna ya miƙe. Can sai na ji muryarsa.

"Tiyeri! Ƙafarka ta baya! Kafa ta! Kar ka kalli mai zuwa, Momo na nan, kalli inda za ka jefa!"

Ya bi gefen fili da sanduna yana ihu har muryarsa ta dushe. Kusa da tashi Tiyeri ya buɗe ido sau ɗaya, ya jefa wata doguwa, aka cafke ta a ƙarshen fili. Duk da haka an cinye su, amma yadda Alhaji ya yi ta rawa da carbi a hannu sai ka ce kofi aka ba su. A hanyar dawowa gardama ta ci gaba tun daga Paris har Lyon. Wannan karon muryar Duz ta fi ta kowa. Ya ce Tiyeri ne ya dace da jifa, a bar Karim ya riƙa karɓa yana gudu gaba, tunda gudu yake so. Ya ce Tiyeri ba tsoro ne ya yi masa yawa ba, ba a taɓa nuna masa inda zai sa ƙafa ba.

Da muka iso gida na ce masa, "Ni ban san kwatabak ba, ban kuma ce ka koma fili ba. Tun da ka ji ciwon nan, a kujera kake salla. Abin da nake so, ranar Idi ka zauna zaman tahiya kusa da ni, a ƙasa, kamar kowa."

 Ya dubi hannuna na dama da nake ɓoyewa cikin riga.

"Kai ma Madam Odil ta ba ka aikin hannu, Baba. Ban taɓa ganin ka yi ba."

Gaskiya ya faɗa. Muka yi yarjejeniya. Ni in tura ƙafarsa, shi ya jefa mini ƙwallo in cafe da hannu biyu. Ya ɗauko bargon da kansa.

Daga nan jinya ta koma wasa, ko da yake zafin bai ragu ba. Idan na tura sai ya riƙa zagin jar ƙasa da Faransanci, ni kuma in yi kamar ban ji ba. Da la'asar mu sauka wurin ajiye motoci, ya jingina da bango ya jefa mini a hankali. Da farko ƙwallon ƙirjina take bugu ta faɗi. Matan bene suna leƙowa ta taga suna dariya, Rabi a cikinsu. Ran da na cafe ta farko sai da aka yi mini guɗa daga hawa na huɗu. Ranar Lahadi kuma Tiyeri ya kan bugo waya, a yi ta bayanin ƙafar baya har shayi ya huce.

Azumi ya kama da zafi-zafi, rana doguwa. Muka mai da turin safe bayan sallar asuba, na yamma bayan buɗa-baki. Kowane sati Madam Odil ta auna, ta ce saura kaɗan. Ni ba na kallon ƙarfenta. Tafin hannuna nake sawa tsakanin dunduniyarsa da mazauninsa. Da farko kamu ɗaya ne da wani abu, ya koma yatsu huɗu, ya koma biyu. A goman ƙarshe ya tsaya a yatsa ɗaya ya ƙi gusawa.

Ranar Sallah aka yi Idi a wani zauren wasanni da aka ara. Na ɗauko masa ƴar kujerarsa mai naɗewa, ya ce in bar ta a bakin ƙofa. Muka tsaya sahu ɗaya, Alhaji a damana, shi a haguna. Allah ya yafe mini, a raka'ar farko hankalina ba ya kan karatun liman. Aka yi ruku'u, aka yi sujada, na ji numfashinsa ya yi nauyi. Da aka zo zama sai na ji yana sauka a hankali, a hankali, har kafaɗarsa ta daidaita da tawa. Ya zauna. Ya ɗan karkata gefe, amma a ƙasa yake, kamar kowa.

Da aka sallame Alhaji ya leƙo ta gabana ya dubi ƙafar, ya dube ni.

"To Isa, ka kira sunan mana, yau ma ai rana ce."

Na ce, "Yaya Alhaji, ana huɗuba."

Ga abin da zan gaya wa iyaye. Kafin ɗanka ya shiga fili, ka taka filin da kanka, kuma ba da takalmin Sallah ba. Idan ƙasa ta daskare a koma gida, ko daga ina aka zo. Idan kuma an cire filatir, kada ka bari tausayi ko kunya su hana ka turawa.

Abin da muka rasa shi ne wannan. Wasa ɗaya a Lyon. Shekarar gasa guda. Gurbin mai jifa, don Tiyeri ya riƙe shi kuma ya iya, Duz ne ma yake horar da shi yanzu. Wandon wasa da aka tsaga da almakashi. Hulata ta zanna, wadda ta faɗi a fili ba a sake ganinta ba. Ɗan lanƙwasa kaɗan a wuyan hannuna, shi ya sa rubutun nan ya karkata. Sai kunyar ɗan fari, wadda ta zube a jar ƙasar nan tare da hular. Hular na koma na nema har sau biyu. Ita kuwa ban nema ba.